Takardun Da Ke Tsakanin Mai Kanti Da Kuɗin Tallafin Abinci A Amurka

Duk wanda ya taɓa zaga unguwannin masu ƙaramin ƙarfi a Amurka, kamar Bronx da ke birnin New York inda 'yan Afirka ta Yamma ke da shaguna da dama, zai iya lura da wata 'yar sanarwa da ake mannawa a gilashin ƙofar kanti mai ɗauke da haruffa uku, EBT. Baƙo zai wuce bai ko ɗaga kai ba. Amma matar gidan da ta fito cefane da katin tallafin abinci a jakarta, da waɗannan haruffa take sanin ko ta shiga ko ta yi gaba. Shi kuwa mai kantin, su ne shaidar cewa ya cika fom, ya miƙa takardu, an zo an ƙirga kayan da ke kan kantarsa, kuma Gwamnatin Tarayya ta amince kuɗin baitulmali su riƙa shiga asusunsa.

Katin na shirin SNAP ne, wanda ya fi kowane shirin ciyarwa girma a ƙasar. A shekarar kuɗi ta 2024, kimanin mutum miliyan 42 ne suka ci gajiyarsa a kowane wata, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane takwas na al'ummar Amurka, kuma abin da aka kashe ya kusa kai Dala biliyan 100. Sai dai wannan kuɗi ba ya zama abinci a tukunya sai ya bi ta hannun ɗan kasuwa. Shagunan da ke da izinin karɓarsa sun haura 250,000, tun daga manyan kantuna irin su Walmart har zuwa ɗan shagon bakin titi da mai shi da matarsa ke tsarewa. Babu ɗayansu da ya samu izinin ba tare da ya bi ta hannun hukuma guda ba.

Daga kan sarki zuwa kati

Asalin shirin ya faro ne a watan Mayun 1939 a garin Rochester na Jihar New York. A lokacin, mabuƙaci zai sayi kan sarki mai ruwan lemo na Dala ɗaya, a ba shi shuɗi na rabin Dala kyauta domin ya sayi amfanin gonar da ya yi kwantai a hannun manoma. An dakatar da wannan tsari a 1943, Shugaba John F. Kennedy ya dawo da shi a matsayin gwaji a 1961, sannan Shugaba Lyndon B. Johnson ya sanya hannu a dokar da ta tabbatar da shi a 1964. Shekara da shekaru ana amfani da takardun kan sarki, kafin a koma kati mai kama da na cirar kuɗi a banki. Zuwa watan Yunin 2004 dukkan jihohi sun koma kati, a 2008 kuma aka sauya wa shirin suna zuwa SNAP.

An raba aikin gida biyu. Jihohi ne ke tantance iyalan da suka cancanta, su kuma ba su kati. Amma bai wa kanti izini hurumin Gwamnatin Tarayya ne ita kaɗai, ta hannun Hukumar Abinci da Gina Jiki, wadda aka fi sani da FNS, a ƙarƙashin Ma'aikatar Aikin Gona. Gwamnan jiha ko magajin gari ba shi da ta cewa a nan.

Dalilin wannan taka-tsantsan a bayyane yake. Idan mai saye ya goga katinsa a na'ura ya danna lambar sirri, nan take ake cire kuɗin daga asusun tallafinsa, cikin kamar kwana biyu na aikin banki kuma su faɗa asusun kantin. Ke nan kanti shi ne wurin da tallafin abinci ke rikiɗa ya koma tsabar kuɗi. Wanda duk ke riƙe da izini yana riƙe da wata ƙofa ta baitulmali. Saboda haka dukkan takardun da ake nema suna ƙoƙarin amsa tambaya uku ne: wane ne mai kantin, da gaske kantin yana nan, kuma abinci yake sayarwa?

Wane ne mai kantin?

Fom ɗin neman izini, mai lamba FNS-252, a intanet ake cika shi, kuma kyauta ne. Hukumar ta sha jan kunnen 'yan kasuwa cewa babu wani kamfani ko dillali da ke da ikon bayar da izini a madadinta, domin akwai masu sayar da na'urori da ke nuna kamar sai ta hannunsu ake samu. Daga ranar da mutum ya fara cika fom ɗin yana da kwana 30 ya kammala, in ba haka ba ya sake daga farko.

Abu na farko da ake nema shi ne cikakken bayanin duk wanda ke da hannu a mallakar kantin: sunansa, adireshin gidan da yake kwana, ranar haihuwarsa da lambarsa ta inshorar jama'a, wadda a amfaninta ta yau da kullum take kama da lambar NIN a Najeriya. Idan haɗin gwiwa ne, kowane abokin tarayya sai ya bayyana. Idan ƙaramin kamfani ne, sai an lissafa shugabanninsa. Kowannensu zai haɗa da kwafin katin shaida mai hoto da kwafin shaidar waccan lamba. A jihohi tara, ciki har da Kalifoniya da Teksas da Arizona, dokar aure ta ɗauki dukiyar da aka samu a zaman aure a matsayin ta miji da mata baki ɗaya. Don haka a waɗannan jihohi akan nemi bayanan matar mai kantin ko mijin mai kantin, ko da kuwa ba ta taɓa taka ƙafa a shagon ba.

Na biyu shi ne shaidar cewa kasuwancin yana kan ƙa'ida. Za a haɗa kwafin lasisi guda da bai ƙare aiki ba, mai ɗauke da sunan mai kantin da adireshin wurin, kamar izinin hukumar lafiya ko na karɓar harajin ciniki. Akwai kuma lambar harajin kamfani da hukumar tara haraji ta IRS ke bayarwa, sunan bankin da kuɗin za su riƙa shiga, ranar da aka buɗe kantin a ƙarƙashin mai shi na yanzu, sa'o'in buɗewa da rufewa, da yawan na'urorin karɓar kuɗi.

Na uku shi ne lissafin ciniki. Kantin da ya daɗe yana aiki zai rubuta ainihin jimillar cinikin da ya bayyana wa hukumar haraji, sabo kuwa zai yi ƙiyasi. Sannan a rarraba jimillar kashi-kashi: nawa ne daga abinci na asali, nawa daga kayan ƙwalama, nawa daga dafaffen abinci, nawa daga abin da ba na ci ba kamar sabulu, taba ko man fetur. A nan ne ɗan kasuwar da ya saba riƙe lissafinsa a ka yakan fara gumi.

Daga nan sai tambayoyi kan tarihin mutum. Shin an taɓa hana wani daga cikin masu kantin izini, ko aka dakatar da shi, ko aka ci shi tara a wannan shiri ko a kan lasisin giya, taba, caca ko tsafta? Shin kotu ta taɓa samun ɗayansu da laifi bayan 1 ga Yunin 1999? Shin akwai wanda shi kansa yake karɓar tallafin? Amsa "e" ba ta nufin an rufe ƙofa kai tsaye, sai dai tana buƙatar bayani. Ƙarya ce ke da tsada. Takardar da mai nema zai sanya wa hannu a ƙarshe ta yi gargaɗin cewa bayar da bayanin ƙarya na iya jawo tarar Dala 10,000 ko ɗaurin da ya kai shekara biyar, ko a haɗa masa duka. Idan hukumar ta ga abin da bai kwanta mata ba, tana da ikon neman ƙari, kamar takardar hayar shago, takardar cinikin kantin daga tsohon mai shi, ko takardun haraji.

Me ke kan kanta?

Takardun mutum na iya cika tsaf, amma kantin ya faɗi saboda abin da ke kan kantarsa. Dokar ta ware rukuni huɗu na abinci na asali: kayan lambu ko kayan marmari, madara da dangoginta, nama, kaji ko kifi, sai burodi ko hatsi. Hanya biyu ce kanti ke cancanta.

Ta farko ta kaya ce. A ƙa'idar da ta fara aiki a watan Janairun 2018, dole a samu iri uku a kowane rukuni, kuma kowane iri a samu aƙalla guda uku a ajiye don sayarwa, ko gwangwani ne, ko kwali, ko ƙunshi. Uku sau uku sau huɗu ya ba da 36. Bugu da ƙari, a rukuni biyu aƙalla sai an samu abin da ke saurin lalacewa, wato ɗanye ko na firiji, irin wanda ba zai wuce mako biyu zuwa uku a waje ba tare da ya ɓaci ba. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ma'anar "iri". Shinkafa ta kamfani biyar daban-daban iri ɗaya ce. Ƙaramin buhu da babba iri ɗaya ne. Tuffa ja da tuffa koriya duk tuffa ce. Shayi, gahawa, lemon kwalba, alewa da kayan yaji kuwa, ko da sun cika shagon maƙil, ba sa shiga lissafi, duk da cewa mai kati na iya sayen yawancinsu.

Ta biyu ta ciniki ce. Idan fiye da rabin cinikin kanti gaba ɗaya daga abinci na asali yake fitowa, ya cancanta ko da rukuni ɗaya kawai yake sayarwa. Ta wannan hanya ce mahaucin da ke sayar da naman halal, ko mai kifi, ko mai kayan gwari ke shiga, tunda babu dalilin tilasta wa mahauci ajiye cuku da yogot. A ɗaya ɓangaren kuma, wurin da fiye da rabin cinikinsa daga abinci mai zafi ko wanda aka haɗa don ci nan take yake fitowa, gidan cin abinci ake ɗaukarsa, ba ya samun izinin kanti.

A ƙaddara wani shagon kayan abincin Afirka da ke da buhunan shinkafa, gari da gero, ga busasshen kifi da naman akuya a firiji, ga doya da kuɓewa da tumatir. Rukunin hatsi da na kayan lambu sun cika har sun yi ambaliya. Amma idan madarar gwangwani kaɗai ke wakiltar rukuni na huɗu, ta hanyar farko ya gaza, sai dai ya nuna da alƙaluma cewa ya cancanta ta hanya ta biyu. Wannan kuwa sai da rubutaccen lissafi.

Lambar 36 ɗin ma da ja-in-ja aka kai gare ta. Dokar Aikin Gona ta 2014 ta ce a ɗaga iri uku zuwa bakwai. A farkon 2016 ma'aikatar ta fitar da daftarin da zai buƙaci kaya 168, ƙananan 'yan kasuwa suka yi ca, a watan Disambar shekarar aka rage zuwa 84. A 2017 Majalisar Dokoki ta taka wa batun iri bakwai birki ta cikin dokar kasafin kuɗi. A watan Satumbar 2025 ma'aikatar ta sake gabatar da daftarin komawa bakwai. Masu goyon baya na cewa kuɗin jama'a bai kamata su tafi shagon da ba shi da abin kirki sai biskit da lemo ba. Masu adawa kuma na cewa a ƙauyen da babban kanti ke da nisan tafiyar awa guda, fitar da ƙaramin shago daga shirin talaka zai cutar.

Gani ya kori ji

Abin da aka rubuta a fom iƙirari ne kawai har sai an gani da ido. Ga yawancin ƙananan shaguna, hukumar kan tura wakili, galibi ɗan kwangila, ya je wurin ba tare da an sa rana ba. Aikinsa shi ne ya ƙirga kaya rukuni-rukuni, ya ɗauki hotunan kanta da firiji da wurin biyan kuɗi, ya zana taswirar shagon, ya rubuta ko akwai kwanduna da amalanken ɗaukar kaya. Ba shi ke yanke hukunci ba. Rahoto yake kai wa jami'in da ke riƙe da fayil ɗin.

Idan aka yi rashin sa'a ya zo ranar da madara ta ƙare, ƙa'idar ta bar kafa guda. Mai kantin na iya gabatar da rasit ko takardar sari da ke nuna ya yi oda ko ya karɓi kayan cikin kwana 21 kafin ranar ziyarar. Rasit ɗin da aka samu bayan ziyarar ba ya aiki. Wanda ya saba sayo kaya da tsabar kuɗi yana yar da takarda a kwandon shara, a wannan rana yake gane darajarta.

Ita ma hukumar akwai wa'adi a kanta. Daga ranar da takardu suka cika tana da kwana 45 ta amince ko ta ƙi, kuma idan ta ƙi sai ta faɗi dalili a rubuce. Muhimmiyar kalma a nan ita ce "cika", domin agogon ba ya fara bugawa matuƙar akwai takarda ɗaya da ta rage. Kantin da aka ƙi saboda ƙarancin kaya sai ya jira wata shida kafin ya sake nema. Akwai sassauci ga wanda ya gaza da ɗan kaɗan idan yana yankin da jama'a ke shan wahalar samun abinci, inda hukumar kan duba nisan wasu shaguna da yanayin sufuri kafin ta yanke shawara.

Izinin da ba a gado, ba a sayarwa

Wanda ya tsallake zai samu takardar izini da lamba mai alƙaluma bakwai. Da ita ake saita na'urar goga kati, irin wadda aka fi sani da POS. Tun bayan Dokar Aikin Gona ta 2014, yawancin shaguna su ke biyan kuɗin na'urarsu da hidimarta, ban da wasu 'yan kaɗan da aka keɓe kamar kasuwannin manoma.

Izinin na mutum ɗaya ne a wuri ɗaya. Wanda ya sayi kanti bai sayi izininsa ba, ko da ɗan'uwan tsohon mai shi ne uwa ɗaya uba ɗaya. Dole ya cika nasa fom, kuma goga kati da lambar wanda ya gabace shi laifi ne. Wanda ya buɗe reshe ma sai ya nemi wa reshen nasa izinin. An tsaurara wannan ne domin toshe wata tsohuwar dabara, inda wanda aka kora zai mayar da kantin sunan matarsa ko ƙaninsa ya ci gaba da zama a bayan kanta. Hasali ma wanda aka dakatar, idan ya sayar da kantin kafin wa'adin hukuncinsa ya cika, akwai tara ta musamman da ke jiransa. Izinin kuma ba na har abada ba ne. Aƙalla duk bayan shekara biyar ana sake tantancewa.

Akwai ƙa'idojin bakin kanta da mai izini ya rattaba hannu a kansu. Ba a sayar da giya, taba, magani, sabulu ko abinci mai zafi da katin. Ba a ɗora harajin ciniki a kan abin da aka saya da shi. Ba a bambanta farashi tsakanin mai kati da mai tsabar kuɗi. Sai kuma wadda ta fi ba mutanenmu mamaki: ba a biyan bashi da katin. A al'adar ciniki da maƙwabtaka, idan magidanci ya zo ƙarshen wata hannunsa babu komai, mai shago zai ba shi kaya ya rubuta a littafi, in kuɗi sun shigo ya biya. A wannan shiri, karɓar kuɗin kati a kan kayan da aka bayar bashi na jawo dakatarwar shekara guda. Abin da mai shi ya ɗauka taimako ne, a idon doka saɓa ƙa'ida ne.

Ranar da wasiƙa ta iso

Babban laifi a shirin shi ne musayar tallafi da tsabar kuɗi. Misali, a goga Dala 100 a kati, a bai wa mai katin Dala 50 a hannu, babu ko ƙwayar shinkafa da ta fita daga shagon. Ƙiyasin ma'aikatar ya nuna cewa a 1993, zamanin takardun kan sarki, kusan santi huɗu cikin kowace Dala na zurarewa ta wannan hanya. Tsakanin 2015 da 2017 adadin ya tsaya a kashi 1.6 cikin 100, kimanin Dala biliyan 1.27 a shekara, kuma mafi yawansa a ƙananan shaguna aka gano.

Kati ya sauƙaƙa kamun. Hukumar na da manhaja mai suna ALERT da ke bibiyar kowane ciniki, tana zaƙulo abubuwan da ba su yi kama da cefane ba: kati ɗaya da aka goga sau da yawa cikin ɗan lokaci, ciniki mai yawan da bai dace da girman shagon ba, ko jerin alƙaluman da duk suka ƙare da sifili biyu. A nan hotunan ziyara ke sake amfani. Jami'i zai tambayi kansa yadda shagon da ba shi da kwando ko amalanke, kantarsa kuma ba ta fi faɗin tebur ba, ya sayar da kayan ɗaruruwan Daloli cikin 'yan mintuna.

Idan zargi ya yi ƙarfi sai a aika wa mai kantin wasiƙar tuhuma, kuma kwana 10 kacal yake da shi ya amsa. Rantsuwa da kyakkyawar shaidar maƙwabta ba sa ɗaukar nauyi sosai a wannan mataki. Abin da ke magana shi ne takardun sari da ke nuna ya sayo kayan da suka kai yawan abin da ya ce ya sayar, da rasit ɗin na'ura mai lissafa kaya ɗaya bayan ɗaya. Shagon da ke sayar da buhun shinkafa da rabin rago ga babban iyali na iya samun ciniki mai yawa bisa gaskiya, amma sai ya tabbatar.

Hukuncin sayar da haramtattun kaya a karon farko yana kamawa daga dakatarwar wata shida zuwa shekara biyar. Na musayar kuɗi kuwa kora ce ta dindindin, ko da yaron shago ne ya aikata mai shi na gida yana barci. Mafita ɗaya ita ce neman a mayar da korar tara, kuma wannan roƙo ma sai an shigar da shi cikin waɗancan kwana 10, tare da hujjar cewa tun kafin laifin kantin na da rubutacciyar ƙa'ida kuma ya horar da ma'aikatansa, da kwanan wata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar horon da aka rubuta bayan isowar wasiƙa ba ta da amfani.

Wanda bai gamsu ba yana da kwana 10 ya nemi wani sashe na hukumar ya sake duba hukuncin, daga nan kuma kwana 30 ya garzaya kotu. Sai dai korar dindindin kan musayar kuɗi na fara aiki ne tun ranar da sanarwa ta iso, kuma ko daga baya an wanke mutum, doka ta ce gwamnati ba za ta biya shi cinikin da ya rasa ba. Korar kan shafi izininsa a shirin WIC, na mata masu juna biyu da ƙananan yara.

Inda nauyin ya fi sauka

Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shirin a manyan kantuna ake kashe su. Ƙananan shagunan unguwa su ne rukuni mafi yawa a jerin masu izini, amma abin da ke bi ta hannunsu bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ga gwamnati wannan ɗan kaɗan ne. Ga shagon da yawancin abokan cinikinsa masu kati ne, shi ne jarin gaba ɗaya. An ga alamar haka a lokacin rufe ayyukan Gwamnatin Tarayya na kwana 43 a ƙarshen 2025, sa'ilin da kuɗin watan Nuwamba suka yi jinkiri, magidanta da masu shaguna suka shiga halin ɗar-ɗar tare. Ko nawa kowane kanti ke samu daga shirin kuwa ba a bayyana wa jama'a, tun bayan da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 2019, a shari'ar da ta taso daga buƙatar jaridar Argus Leader, cewa gwamnati na iya riƙe waɗannan alƙaluma a matsayin sirrin kasuwanci.

Ma'aikacin da ya saba da zirga-zirgar fayil zai lura da wasu abubuwa a wannan tsari. Jerin abin da ake nema a rubuce yake, kowa na iya gani kafin ya fara. Ba a biyan ko sisi. Wa'adi ya hau kan mai nema, ya kuma hau kan hukuma. Ƙin amincewa na zuwa da dalili da hanyar ɗaukaka ƙara. Zai kuma lura da inda ma'aunin ya karkata: hukuma na da kwana 45 ta yi nazari, ɗan kasuwa na da kwana 10 ya kare kansa, babban kamfani na da lauyoyi da akantoci, shi kuwa mai ɗan shago da ƙyar Turancin wasiƙar ke shigar masa.

Shi ya sa a wannan harka abin da ya fi kare mai kanti bai wuce akwatin da yake tara takardunsa ba: rasit ɗin kowane sari, lasisin da aka sabunta kafin ya ƙare, da takardar da ke nuna ranar da aka koya wa sabon yaro abin da kati ke saye da abin da ba ya saye. Mai ƙirga kaya ba ya sanar da ranar zuwansa, ita ma wasiƙar tuhuma haka, kuma duk ranar da ɗayansu ya iso, abin da ke cikin akwatin nan ne za a tambaya.